Tambaya: wankin zinariya a ƙoramar garinmu, akwai wanda ya taɓa gwadawa?

Ɗan Adar:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ina da tambaya, don Allah wanda ya san abin shi ba ni amsa tsakani da Allah ko da ba za ta yi mini daɗi ba.

Ni tela ne nan cikin Tawa amma tsohona shina ƙauye wajen Keita, duk damana nikan ja ƙohwar shago kwana goma in tahi in kama mishi noma. To bana anka yi wani ruwan dare mai ƙarhi, ƙorama ta kawo ta ci bakin gonarmu, da hantsi munka sauka ni da ɗan yayana mu ga iyakar ɓarnar, ruwa ya riga ya janye sai laka da rairayi mai sanyi. Yaron ne ya fara gani, ya duƙa ya ce baba dubi ƙasa tana walƙiya. Da na duba, daidai inda ruwa ya yi kwana ya bar wani baƙin rairayi siriri kamar an ja kwalli, cikinshi da gehenshi kuma wasu 'yan mitsi mitsi masu ruwan ɗorawa suna ta ƙyalli cikin rana, ba su kai ƙwayar hatsi ba, wasu ma kamar dussa. Na ɗebo cikin gwangwanin tumatir na taho da shi, yanzu haka shina nan ƙarƙashin keken ɗinkina.

Abin da ya sa zancen ya tsaya mini a rai, na daɗe ina kallon bidiyon mutanen Amurka a YouTube, mutum da matarshi da ɗiyanshi su tahi bakin rahi ran hutu da faranti su wuni suna wanke tsakuwa, da marece su nuna 'yan ƙwayoyi cikin ƙaramar kwalba suna murna, kuma ba sana'arsu ba ce, sha'awa ce kawai kamar mai zuwa kamun kihi da ƙugiya. Ni ma iyakar abin da nika so ke nan. Ba ni da niyyar barin ɗinki, ba ni da niyyar gina rami, na ga 'yan unguwarmu da sunka tahi Jado, wasu sun dawo da mota wasu ko takalmi babu. So nike in iya abin da hannuna, in riƙa zuwa da yaron nan, don tun ran nan bai bar tambayata ba.

To yaya zan gane ko abin da ke cikin gwangwanin nan zinariya ce? Yaya ake wankin, da wane irin faranti? Shin doka ta hana mutum shi ɗebi rairayin ƙorama shi wanke? Sannan wani a tasha da na nuna mishi ya ce in kawo kuɗi shi samo mini zaiba, wai ita ka tattara zinariya wuri guda cikin minti biyar, na ce sai na yi shawara. Na gode.

Tsohon Jado:

Wa alaikumus salam ƙanena. Zaibar nan bar ta inda take tukuna, kar ka ba shi ko dala.

Ni na yi wannan aiki shekaru, yanzu ina Yamai ina sayar da kayan gini. Na fara ne a Komabangu, can yammacin kogi, wurin da aka soma ginar zinariya tun farin 1984, daga baya da labarin Jado ya fashe a watan huɗu na 2014 ina cikin waɗanda suka bi ta Agadas da Dirku suka je. Jado ba wanki ake ba, ina ruwan da za a yi wanki da shi, na sha ma saye ake da bido, can na'urar nan mai kuka in ta ji ƙarfe ake yawo da ita. Wanki na gaskiya wajen matan Zabarmawa da Gurmawa na bakin Sirba na koya, da ƙwarya suke yi, kuma har yau ban ga namijin da ya kai su hannu ba.

Ga yadda ake yi. Nemi ƙwarya mai faɗi ko tasar roba baƙa ko shuɗiya, kar ka ɗauki ta silba mai ƙyalli don ba za ka ga komai ciki ba. Ka wanke ta da toka da omo sosai, kar a samu ko ɗigon mai, saboda maiƙo yana sa garin zinariya ya taso saman ruwa ya gudu kana kallo. Zuba ƙasa kamar rabin tasa, ka nutsa ta cikin ruwa gaba ɗaya, ka sa yatsu ka murje laka har ruwan ya daina yin kunu, manyan tsakuwa ka wanke su nan cikin tasar sannan ka jefar. To daga nan sai girgiza, hagu da dama, hagu da dama, da ƙarfi, tasar tana cikin ruwa. Girgizar nan ita ce aikin duka, ita ke sa mai nauyi ya nutse gindi mara nauyi ya hau sama. Sai ka ɗan karkata bakin tasa gaba ka bar ruwa ya lashe na saman kaɗan, ka miƙe ta ka sake girgizawa, ka sake karkatawa, haka haka har abin da ya rage bai wuce cokali biyu ba, yawanci baƙin rairayi ne. Nan za ka sa ruwa kaɗan ka juya shi a hankali ya zagaya gindin tasa, baƙin zai ja baya kamar wutsiya, in akwai zinariya za ka gan ta zaune a kan gaba ta ƙi motsi. Wallahi ran da ka fara ganin ta ba sai an faɗa maka ba.

Kafin ka je ƙorama gwada hannunka a gida. Yanka wayar lantarki ta jan ƙarfe gutsi gutsi guda biyar, ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, ka cuɗa cikin rairayi ka wanke cikin baho. In ka gama ka tarar da biyar ɗinka to hannunka ya fara zama, in ka tarar da uku kana gaggawa. Jan ƙarfe bai kai rabin nauyin zinariya ba, wanda ya iya riƙe shi ba zai zubar da zinariya ba.

Wurin ɗiba kuma, ba saman rairayi ba. Zinariya ba ta son tafiya, duk inda ruwa ya rage gudu nan take zama: cikin kwana ta gefen da ruwa ke ajiye tsakuwa, bayan babban dutse, cikin tsagar dutsen da ke shimfiɗe a gindin ƙorama, ko kan laka mai tauri da ke ƙarƙashin tsakuwa. Shi ya sa maganar da ka yi cewa a sama kuka gan shi yana walƙiya ta sa jikina ya ɗan yi sanyi, amma bari masu ilimin dutse su yi magana.

Abu biyu zan roƙe ka. Kar ka shiga ƙorama da yaro in akwai hadari ko da nesa ne, ruwan da aka yi kan tudu yana iya isowa inda kuke sama tana garau, kai ɗan Adar ne ka fi ni sanin wannan. Kuma kar ka rarake gindin gaɓa don ka ga tsakuwa mai kyau, gaɓar rairayi ba ta sallama in za ta faɗo. Ka ce sha'awa ce, na yarda, amma ni ma da kallo na fara, na raka wani abokina ne kwana uku na shekara biyu ban ga uwata ba. Ka sa wa kanka iyaka tun yanzu.

Mai Duwatsu:

Salam. Malam Ɗan Adar, ilimin duwatsu na karanta a jami'ar Abdu Mumuni nan Yamai, kuma tunda ka ce a faɗa maka gaskiya, ga ta: da wuya ƙwarai abin da ke cikin gwangwaninka ya zama zinariya, kuma dalilin yana cikin duwatsun garinku.

Ƙorama ba ta ƙirƙirar komai, abin da ta gutsuro daga tudun da ta fito shi take kawowa. In babu zinariya a dutsen sama babu ita a rairayin ƙasa. Adar gaba ɗayanta, Tawa, Keita, Buza, Madawa har Malbaza, tana zaune ne kan duwatsun da suka kwanta hawa hawa cikin wani babban kwari da masana ke kira Iullemmeden, kuma wajen shekaru miliyan 60 da suka wuce teku ne ya rufe wurin. Ba sai ka yarda da ni ba, hau dutsen da ke bayan gonarku ka duba farin dutsen da ke tsakiyar gangare, za ka tsinci katantanwa da kumbar halittun ruwa sun zama dutse, yaran ƙauye suna wasa da su ba su san ko mene ne ba. Wannan farin dutsen shi ake ƙonawa a yi siminti a Malbaza, jips, farin ma'adinin nan mai laushi da mata ke tonowa suna tarawa ana saye shi ma na nan ne, a saman tudu kuma jan dutse mai tama wanda maƙeran Adar na da suke narkawa su fitar da ƙarfe. Arzikin ƙasarku ke nan, kuma ba ƙarami ba ne, amma irin wannan dutse ba gidan zinariya ba ne.

Gidanta tsohon dutse ne mai tauri wanda wuta da matsi suka dafa, inda ruwan zafi ya bi tsaga ya bar jijiyar farin dutsen nan mai kama da ƙanƙara, kwarts. A Nijar irinsa yana Liptako yammacin kogi, wajen Tera da Goteye da bakin Sirba, duwatsun da suka haura shekaru biliyan 2, jinsi ɗaya da na Burkina da Mali da Gana, sunansu ma Birimiyan daga kogin Birim na Gana aka samo shi. Can ne Komabangu take, can ne Samira take, ma'adinin zinariya na kamfani na farko a ƙasar nan da ya fara aiki a 2004. Sai kudancin Maraɗi kan iyaka, sai Ayar da can arewa wajen Cibarakaten da Jado. Su ma mutanen Amurka da kake kallo yawancinsu a irin su Kaliforniya suke, inda aka tsinci zinariya a 1848, rafukansu daga duwatsu masu jijiyar zinariya suke gangarowa kuma suna gudu rani da damina.

To me ke walƙiya? Galibi mika ce, wani ma'adini mai ɓarewa falle falle kamar ɓawon albasa, in ta tsufa cikin ruwa takan yi ruwan ɗorawa sak zinariya. Ko pirit, wani ma'adini mai ruwan ɗorawa da ƙyallin ƙarfe, wadda ta ruɗi mutane da yawa a duniya. Ko ɓarɓashin jips. Gwaji uku za ka yi a shagonka yau ba tare da ka kashe ko dala ba. Na farko inuwa: kare rana da tafin hannunka, zinariya launinta yana nan ko a inuwa, mika kuwa ƙyallinta mutuwa yake sai ka juya ta ta sake kama haske. Na biyu, kai tela ne allura ba ta yi maka wuya, ɗora ƙwaya ɗaya kan ƙarfen kekenka ka danna da tsinin allura, zinariya laushi gare ta za ta lotsa ko ta baje ba ta fashe ba, pirit za ta tarwatse ta zama gari, mika za ta rabu falle falle. Na uku ruwa: zuba cikin kofin gilashi ka motsa, lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, ta zinariya kilo 19.3, dutsen rairayi wajen 2.6, pirit wajen 5, mika wajen 3 ga ta kuma fallen abu, don haka za ka ga tana lilo tana yawo kafin ta sauka, zinariya kuwa faɗuwa take tim kamar an jefa ta. Baƙin rairayin kuma ka sa mayen ƙarfe na tsohuwar rediyo cikin leda ka bi ta kansa, abin da ya manne ƙarfe ne.

Batun doka, abin da ke cikin ƙasa na gwamnati ne ko da gonar ta gadonka ce, ginar zinariya ko ta hannu ce sai da izinin ma'aikatar ma'adinai, saye da sayarwa ma haka. Akwai ofishinsu na jiha nan Tawa, shiga ka yi tambaya da bakinka. Kuma ka gaya wa mai gari da masu gonakin baki abin da kake yi, don mutane in suka ga baƙon abu a ƙorama labari yake zama, kafin sati ka ga an cika gonar tsohonka da diga da shebur.

Liptako kuwa don Allah kar sha'awa ta kai ka yanzu, kowa ya san halin tsaro a jihar Tilaberi, a farkon 2020 har hana yawo da babur aka yi a wurare da yawa can. Ba wurin zuwa da yaro ran hutu ba ne.

Na Hajiya:

Malam mai duwatsu Allah ya ƙara ilimi amma ni ban yarda a kashe wa bawan Allah gwiwa ba. Ɗan Isa fa? Wa ya taɓa cewa akwai zinariya a Maraɗi, mutane suna noma kanta shekara da shekaru sai ga shi ta fito. Jado ma hamada ce babu kowa. Arziki na Allah ne inda ya so yake ajiye shi, ba a takarda yake ba. Ɗan Adar ci gaba da nemanka kawai.

Mai Duwatsu:

Ɗan'uwa Na Hajiya, arziki na Allah ne babu ja, kuma Shi ne ya tsara kowane abu da mazauninsa, ba a haƙa rijiya kan fa a ce ruwa na Allah ne. Misalin da ka kawo ma yana goyon bayan maganata. Ɗan Isa tana kan tsohon dutsen nan mai tauri da ya ƙetaro daga Katsina da Zamfara, dangin wanda ake ginar zinariya cikinsa a Anka da Maru, yana cikin taswirar duwatsun ƙasar nan tun kafin mutane su ruga can. Keita ba ta kansa. Kuma tunda ka ambaci Ɗan Isa, a watan goma sha ɗaya na 2021 rami ya rufta da mutane a can, aƙalla 18 suka rasu, Allah ya jiƙansu, yawancinsu da irin wannan magana ta ci gaba da nema kawai suka bar gida. Ni ban ce ya daina wanki ba, ya yi, zai koyi abubuwa da yawa game da ƙasarsu. Na ce ne kar ya sa rai har ya kai ga sayar da keke.

Maman Nana:

Assalamu alaikum. Ni ba na cika magana a nan ba amma da na ga an ambaci zaiba kuma an ambaci yaro sai na kasa wucewa. Ma'aikaciyar lafiya ce ni, na yi aiki shekaru a wani ƙaramin asibiti kusa da inda ake ginar zinariya kafin in dawo Yamai.

Ƙanena, abin da mutumin tasha bai gaya maka ba shi ne yadda ake raba zaibar da zinariya bayan ta tattara ta. Ƙonawa ake. Ana ɗora ƙwallon kan cokali ko gwangwani a kan garwashi, zaiba ta tashi ta bi iska, kuma tururin nan ba shi da launi ba shi da wari, mutum yana tsugune kansa yana shaƙa bai sani ba, mai goyo tana gefe tana tuƙa tuwo. Yana bi ta huhu ya shiga jini ya zauna a ƙwaƙwalwa da ƙoda. Na ga saurayi majiyi ƙarfi da ba ya iya kai kofin shayi bakinsa sai rabi ya zube saboda rawar hannu, dasashinsa duk ya kumbura, ga mantuwa ga saurin fushi, iyayensa suna ta kai shi wajen masu ruƙiya suna cewa iska ce. Kai da allura kake ci, ka yi tunanin hannunka yana rawa. Mace mai ciki kuwa har ɗan da ke cikinta take kaiwa. Kuma tana maƙalewa a bango da tufafi da tabarma ta ci gaba da tashi a hankali, wanda ya ƙona ta sau ɗaya a ɗaki ya bar wa iyalinsa ita. Wadda ta zube a ƙorama ba ta ruɓewa, tana shiga laka ta shiga kifi, ga shi a Adar tabkunan da ruwan ƙoramu ke taruwa nan ake kamun kifi nan dabbobi ke sha. A garin Minamata na Japan ta haka ta nakasa mutane ta hanyar kifi, shi ya sa yarjejeniyar duniya ta 2013 kan zaiba take ɗauke da sunan garin, Nijar ma ta amince da ita.

Sai abu na biyu da ba a tambaya ba amma zan faɗa, don na san in rairayi bai ba da komai ba zuciya takan ce a gwada fasa dutse. Kar ka kawo dutse gida ka daka. A 2010 a Zamfara, ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, yara sama da 400 suka rasu, ba zaiba ba ce ma ta kashe su, dalma ce da ke cikin dutsen zinariyar. Iyaye suna kawo dutse cikin gida ana dakawa ana niƙawa a tsakar gida, ƙura ta bi ƙasa, yara masu rarrafe su sa hannu a baki, sai suma da sanƙarewa. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shigo aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. Turmin da ake daka hatsi ba a daka dutse cikinsa, ko sau ɗaya.

Wanki da ruwa da ƙwarya kawai ba ni da magana kansa, sai dai ruwan da ya kwanta ya daɗe yana kawo tsargiya, in ka ga yaro yana fitsari da jini ka kai shi asibiti akwai magani. Gara ku ɗebo rairayin ku wanke cikin baho da ruwan rijiya.

Maƙerin Yamai:

Gaskiya Maman Nana ta gama magana. Ni ƙirar zinariya da azurfa na gada, kuma kusan duk wata sai wani ya shigo da ƙullin leda yana rawar jiki, in na buɗe in ga mika ko garin tagulla. Na garin tagullar ya fi ban tausayi don shi saya ya yi, an goga tagulla da magagari an cuɗa da ƙasa an ce daga daji aka zo da shi ana sauri. Ɗan Adar ka kiyayi wannan, da zarar an san kana sha'awar abin masu kawo maka na sayarwa za su fara zuwa shago.

Mu yadda muke gwadawa, akwai baƙin dutse mai santsi, a goga abin a kai ya bar zane, a ɗiga asid, in tagulla ce zanen zai ɓace nan take, zinariya tana nan daram. Kai kar ka nemi asid, yana cin hannu yana makanta ido, ka kai wa kowane maƙerin zinariya a kasuwar Tawa zai duba maka. Kuma ko ta tabbata, ka sani ta daji ba ta zuwa tsantsa, akwai azurfa da datti cikinta, in an narka nauyi yana raguwa. Tsantsa ita ce karat 24, ta 21 da matanmu suka fi so kashi 875 cikin 1000 ce, ta 18 kuma 750. Farashin da kuke ji a rediyo na oza ne, giram 31.1, a watan uku na 2025 ya haura 3000 na dalar Amurka, ba dalarmu ta sefa biyar ba, wannan ne ya sa kowa ido ya buɗe. Amma ƙyallin da ido ke gani a gindin ƙwarya, wanda mutum zai rantse ya yi arziki, in ka ɗora a sikeli sau da yawa ko motsi ba ya yi. Kafin irin wannan gari ya cika giram ɗaya baya ya sha duƙo.

Ɗan Adar:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah shi saka da alheri, shi jiƙan mahaifa. Na karanta duka har sau biyu.

Jiya bayan la'asar na yi gwajin da Malam Mai Duwatsu ya ce. Na shimfiɗa ƙyallen baƙin yadi kan tebur na zuba kaɗan, na kare da hannu, ƙyallin ya mutu kamar an hure fitila. Na ɗauki mafi girma cikinsu da bakin almakashi na ɗora kan ƙarhen keke na danna da allura, sai ta rabu biyu, na sake dannawa ta sake rabuwa, falle falle har ta manne mini a yatsa kamar hoda. Cikin kofi ma haka, lilo ta riƙa yi. Mika ce. Ba zan ɓoye ba raina ya ɗan sosu, na zauna shiru har wani mai karɓar ɗinki ya tambaye ni ko lahiya. Baƙin rairayin kuma na ɓalle mayen ƙarhe daga wata matattar rediyo, kaɗan daga ciki ya manne ya yi tsaye kamar gashi, sauran bai kula ba.

Mutumin tasha ya kira ni da sahe na ce mishi na fasa. Maman Nana, maganar rawar hannun nan ita ta tsaya mini, Allah shi kiyaye mu.

Baba Tsohon Jado, na sayi tasar roba baƙa, na yanka waya guda biyar kamar yadda ka ce. Karo na farko biyu na samu, na huɗu na samu huɗu, guda tana ɓace mini kullum wajen ƙarshe in rairayi ya rage kaɗan, ban sani ba ko karkatawar ce ta yi yawa ko girgizar nika bari da wuri, don Allah ka ƙara mini bayani nan wurin. Na kira ɗan yayana ta wayar babanshi na gaya mishi ba zinariya ba ce, na kuma gaya mishi zancen teku da katantanwar dutse, sai ya ce ai ya san inda suke, akwai su da yawa bayan makarantarsu wajen da awaki ka hawa, wai har da wata mai zanen tauraro a bayanta. Na ce shi tara mini, in na zo girbi mu hau tare. Malam Mai Duwatsu in na turo hoto za ka iya gaya muna sunayensu?

Tsohon Jado:

Girgizar ce ƙanena. In ya rage kaɗan mutum yakan ƙagu ya ga gindi sai ya riƙa zubarwa ba ya komawa girgiza. Duk karkatawa biyu ka miƙe tasa ka girgiza sau goma, kuma ka sa wani baho a ƙarƙashi ya tare abin da ke zuba don ka sake wanke shi. In ka samu biyar sau uku a jere ka rage girman wayar.

Mai Duwatsu:

Turo, ka ajiye ashana ɗaya kusa da kowanne don in ga girmansa, kuma ka ɗauka ta sama da ta ƙasa. Mai zanen tauraron nan ina jin na san ta, wata halittar teku ce mai ƙaya kamar bushiya, ƙayar ta zube sai ƙoƙon ya rage. Ka ce wa yaron ya riƙa tuna daidai inda ya tsinci kowanne, ƙasan gangare ko sama, don hawa hawan dutsen ba zamaninsu ɗaya ba.